Tausar Kai: Abin da Yatsu Ke Iyawa da Abin da Ake Jingina Musu

Akwai wani zane da ke yawo a wayoyin jama'a: kan mutum an yanka shi gida-gida da launuka, kowane gida an rubuta masa sunan wata gaɓa. Nan hanta, can ƙoda, sama kaɗan tumbi, bayan kunne kuma wai zuciya. Bayanin da ke biye da shi gajere ne mai daɗin ji, cewa idan ka ɗora yatsa a kan gidan ka danna na 'yan mintuna, gaɓar da ke can cikin jiki za ta amsa ta warware. Masu wannan hanya suna kiranta rifileksoloji, suna tallata ta a matsayin yadda mutum zai kula da lafiyarsa da hannunsa, ba layin asibiti ba kuɗin magani. Abubuwa biyu ne aka ɗaure wuri guda aka miƙa wa mutane. Na farko tausar fatar kai da wuya, wadda ke da amfani na zahiri, kuma ana iya bayyana dalilinsa. Na biyu taswirar da ke cewa kowane taƙi na kai yana da alaƙa da wata gaɓa, wadda aka gwada aka sake gwadawa ba ta tsaya da ƙafarta ba. A ganina raba su ya zama dole. Wanda ya karɓe su a haɗe zai iya zama yana murza ƙeya a ranar da ya kamata a ce yana gaban likita, wanda kuma ya watsar da su a haɗe ya yi asarar hanya mai sauƙi ta rage ciwon kai, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana damun kusan kashi 40 cikin ɗari na mutanen duniya.

Masu tallar taswirar sukan ce ilmi ne na dubban shekaru, amma rifileksoloji da aka sani yau ɗan Amurka ne, kuma bai daɗe da haura shekara ɗari ba. Wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro mai suna William Fitzgerald ne ya fito da shi wajen 1913. Ya raba jikin mutum tsaye gida goma, biyar dama biyar hagu, daga tsakar kai zuwa yatsun ƙafa, ya ce matsa wani wuri a cikin gida yana kashe zafi a duk tsawon gidan. Har roba yake ɗaura wa marasa lafiya a yatsu, ko ya maƙala musu abin shanya. A shekarun 1930 wata mai aikin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, Eunice Ingham, ta mayar da zancen tafin ƙafa, ta zana jiki gaba ɗaya a kansa, ta fitar da littafinta a 1938. Ƙasar Sin tana da nata tsohon tsarin na wuraren soka allura, guda 361 a ƙididdigar da aka daidaita ban da wasu na ƙari, kuma da dama suna kai: Baihui a tsakar kai, Yintang a tsakanin gira, Taiyang a gefen goshi, Fengchi a ramuka biyun nan na ƙeya. Sai dai zana jiki sukutum a fatar kai sabon abu ne ko a can. Jiao Shunfa ne ya yi nasa a lardin Shanxi a farkon shekarun 1970, ya bi sassan ƙwaƙwalwar da ke ƙarƙashin ƙashi, Toshikatsu Yamamoto kuma ya yi nasa a Japan a 1973, ya jera manyan wurarensa a bakin gashin goshi. Duk wanda ya ajiye waɗannan taswirori gefe da gefe zai ga ba su yarda da juna ba. Likitan tiyata a Kano da na Tokyo wuri ɗaya suke samun hanta, ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Da hanta tana da gida a fatar kai, da masu nemansa sun yi karo da juna a wurin.

Ilmin ƙirar jiki ya san abin da ke ƙarƙashin yatsa sarai. Fata ce mai kauri, sai kitse da jijiyoyin jini masu yawa, sai wata shimfiɗa mai tauri da ta haɗa tsokar goshi da ta ƙeya, sai ƙoƙon kai. Bayan ƙashin akwai tantani uku da ruwa kafin a kai ga ƙwaƙwalwa, don haka ba yatsan da ke taɓa ta komai ƙarfin danninsa. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon taɓi daga gaban kai rassa ne na babbar jijiyar fuska, na baya kuma suna fitowa daga saman ƙashin wuya. An bi sawun kowacce an san inda ta faro da inda ta ƙare, kuma babu wadda ta tashi daga wani taƙi na fatar kai ta nufi ƙoda ko saifa ita kaɗai.

Wani zai ce rashin ganin hanya ba ya hana abu aiki, kuma maganarsa tana kan hanya, domin an daɗe ana shan magunguna kafin a gano yadda suke aiki. Shi ya sa gwaji a kan marasa lafiya ya fi komai nauyi a nan. A 2009 Farfesa Edzard Ernst na Jami'ar Exeter a Ingila, wanda shi kansa ya koyi hanyoyin maganin gargajiya na Turai, ya tattara gwaje-gwaje 18 da aka yi wa rifileksoloji ya auna su, ya ƙare da cewa babu gamsasshiyar hujjar cewa yana warkar da wata cuta. Gwamnatin Ostireliya ta sa an yi irin wannan nazari a 2015, aka kai ga matsaya guda, kuma daga 2019 ta cire shi daga abubuwan da take tallafa wa inshorar lafiya ta biya. Gwajin da ya fi faɗakarwa a kan batun wuraren danni an yi shi ne a Jamus, aka buga a 2005, da allura maimakon yatsa. An raba masu ciwon ɓarin kai 302 gida uku. Rukuni ɗaya aka soka musu allura a wuraren da littattafan Sin suka ambata, na biyu aka soka sama-sama a wuraren da ba sa cikin kowace taswira, na uku aka ce su jira. Waɗanda kwanakin ciwonsu suka ragu da rabi ko fiye sun kai kashi 51 cikin ɗari a rukunin farko, kashi 53 a na biyu, kashi 15 kawai a masu jira. Wasu nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun sami ɗan fifiko ga allurar da aka sa a muhallinta, amma ƙarami ne idan aka kwatanta da tazarar da ke tsakanin wanda aka kula da shi da wanda aka bari. Ke nan taɓa jiki da kulawa suna yin aiki babba, ainihin wurin da aka taɓa kuwa ɗan abin da yake ƙarawa kaɗan ne.

To me ya sa tausar ke da daɗi har ciwo ya lafa? Ciwon kan da ya fi yawa a duniya shi ne na ɗaurewar tsoka, wanda mutum ke ji kamar an naɗa masa rawani an tamke, ɓangare biyu, ba amai, ba ya hana tafiya amma yana hana sukuni. Masu irinsa sukan sami tsokokin gefen kai da muƙamuƙi da dokin wuya sun yi tsami. Tela da ya wuni a sunkuye kan keke, direban da ya taso daga Legas bai runtsa ba, ɗalibar da ta kwana tana duba littafi da hasken waya, matar da ta ɗauko ruwa a ka daga nesa, duk suna ɗora wa waɗannan tsokoki aikin da ya fi ƙarfinsu. Murza su yana sassauta su. Akwai kuma bayanin da Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo a 1965, cewa saƙon zafi da saƙon taɓi suna haɗuwa a mashiga ɗaya kafin su isa ƙwaƙwalwa, kuma idan na taɓi ya yi yawa yana rage abin da ke wucewa na zafin. Wannan ne ya sa wanda ya bugi ƙofa da goshi yake kai hannu ya murza tun kafin ya yi tunani. Masu bincike a Suwidin sun nuna kuma cewa fata mai gashi tana da wasu siraran jijiyoyi da suka fi amsa shafa mai laushi a hankali, tsakanin santimita 1 zuwa 10 a daƙiƙa, kuma su ne ke kai saƙon daɗi da natsuwa. Uwar da ke shafa kan ɗanta har ya yi barci da su take aiki. Idan aka dawo kan wuraren da Sinawa suka ambata, sai a ga Fengchi yana daidai inda tsokokin wuya suka kama ƙashin ƙeya, kusa da mahaɗar jijiyoyin bayan kai, Taiyang kuma yana kan tsokar da ke motsi idan mutum yana tauna. Likitocin da suka sa musu suna mutane ne masu lura, sun gano inda ciwo ke taruwa a jikin marasa lafiyarsu. Abin da suka gani gaskiya ne, ko da bayanin da suka ba shi na zamaninsu ne.

Wanda ke so ya amfana ba ya buƙatar haddace sunan ko wuri ɗaya. Ya zauna ya jingina bayansa, ya cire hula ko ɗankwali, ya saki muƙamuƙi har haƙora su rabu. Ya ɗora tsokar yatsunsa a kai, ban da farce, ya riƙa motsa fatar a kan ƙashi a zagaye maimakon gogar gashi, daga bakin goshi zuwa tsakar kai zuwa baya. Idan ya iso ramukan ƙeya ya sa manyan yatsu ya danna sama kaɗan na kamar rabin minti, ya saki, ya maimaita. Gefen goshi yana son sassauci domin ƙashin wurin siriri ne. Daga nan ya gangaro dokin wuya da kafaɗu, inda sau da yawa tushen matsalar yake, yana jan numfashi a hankali yana fitar da shi a hankali fiye da yadda ya ja. Minti biyar zuwa goma sun wadatar. Ma'aunin ƙarfi shi ne zafin da ke da daɗi. In ya kai mutum yana yamutsa fuska, an wuce gona da iri, tsokar ma ƙara ɗaurewa za ta yi. Man kaɗe ko man zaitun suna taimaka wa yatsu santsi, amma ba su ne ke aikin ba. Wuri ɗaya ne ya kamata a nisanta gaba ɗaya, wato gefen wuya ƙarƙashin muƙamuƙi inda ake jin bugun jini. Babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ce a nan, kuma danna ta na iya rage bugun zuciya har mutum ya suma, musamman dattawa.

Mafi yawan masu kare taswirar da hujja ɗaya suke zuwa: sun gwada sun ga amfani, gani kuwa ya kori ji. Ba na shakkar sauƙin da suka samu ko kaɗan. Tambayar ita ce mene ne ya kawo shi. Ciwon kai na ɗaurewar tsoka yana tafiya da kansa, wani cikin rabin sa'a, wani bayan kwanaki, kuma mutum ba ya kai hannu kai sai ciwon ya kai ƙololuwa, lokacin da dama sauka ce ta rage masa. Ga hutun da ya samu na zama shiru ya ajiye waya, ga sassautawar tsoka, ga sa rai da ke rage zafi da kansa. Waɗannan sun isa su bayyana sauƙin ba tare da an kira hanta ba. Inda abin ya fi damuna shi ne juya hujjar da wasu ke yi: mai tausa ya danna wani wuri, mutum ya ce wash, sai a ce masa ai ƙodarsa ce ta taɓu. Kan kowane mai gajiya yana da wuraren da ke tsami idan an danna. Ciwon ƙoda da gwajin jini da na fitsari ake gane shi, kuma yakan yi nisa kafin mai shi ya ji komai. Wanda aka tsorata da cutar da ba shi da ita zai kashe kuɗi a banza, wanda kuma aka ce masa lafiyarsa lau don bai ji zafi ba, an rufe masa ƙofar bincike.

Akwai masu cewa wannan duk raini ne irin na likitancin Turawa ga ilmin wasu al'ummu. Tarihi ya nuna an yi irin wannan raini, don haka ƙorafin ba daga sama ya faɗo ba. Sai dai a nan bai zauna ba, tunda rifileksoloji kansa daga Amurka ya fito. Kuma ma'aunin da ya kayar da shi, shi ne ya ɗaga wani abin da ya fito daga tsofaffin littattafan Sin. Tu Youyou da abokan aikinta sun bi bayanin wani littafin magani na ƙarni na huɗu, suka fitar da sinadarin atimisinin daga wani nau'in tazargade a farkon shekarun 1970. An gwada shi ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, aka ba ta kyautar Nobel a 2015, kuma yau shi ne ginshiƙin maganin maleriya da ake rubutawa daga Sakkwato har Damagaram. Ba wanda ya ƙi shi don asalinsa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta talaka: tausa kyauta ce, asibiti da tsada da nisa, to ina laifin mutum ya taimaki kansa? Rabin wannan magana na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Mutane da yawa suna fara ranarsu da farasitamol ko wani haɗin ƙwayoyi daga kemis, alhali shan maganin ciwon kai na kwana 15 ko fiye a wata, wata bayan wata, yana haifar da nasa ciwon kan, mutum ya ƙara sha ciwon ya ƙara zama. Ga masu ƙarfi irin su taramol da kodin kwana 10 ma sun isa, ban da jarabar da ke tattare da su, wadda ta sa gwamnatin Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Idan minti goma na tausa da kofin ruwa da barci za su maye gurbin ƙwaya a wasu ranaku, riba ce babba. Ɗaya rabin ne ke da haɗari, kuma haɗarin jinkiri ne. Hawan jini shi ne misalin da ya fi kusa. An saba cewa wanda jininsa ya hau zai ji kansa na sarawa, don haka idan kan ya lafa sai a ɗauka jinin ya sauka. Galibin masu hawan jini ba sa jin komai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Natsuwa tana iya sauke awo na ɗan lokaci, amma ba ta hana shi komawa inda yake. Mutumin da awonsa ke tsayawa a 140 bisa 90 ko sama, ya ajiye ƙwayoyinsa don ya koyi danna tsakar kai, yana jin daɗi a ka alhali zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna ci gaba da lalacewa.

A ƙasarmu akwai ƙarin dalilin yin hattara da ciwon kai. Arewacin Nijeriya da Nijar da Chadi suna tsakiyar yankin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, kuma annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ciwon kai mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman a watannin zafi da ƙura, na iya kashe mutum cikin kwana ɗaya, kuma abin takaici sanƙarewar wuyan ce ke jan hannun 'yan uwa su fara tausa. Haka ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da mutum bai taɓa ji ba, ko wanda ya zo da karkacewar baki, nauyin harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, ruɗewa ko farfaɗiya, ko wanda ya biyo bayan faɗuwa daga babur. A shanyewar ɓarin jiki sa'o'in farko ne ke raba wanda zai miƙe da wanda zai kwanta. Mai juna biyu da cikinta ya haura wata biyar, ta ji kai na sara, ido na ganin walƙiya ko dishi-dishi, fuska da hannuwa sun kumbura, tana iya kasancewa a bakin jijjiga, cutar da ke cikin manyan masu kashe mata wajen haihuwa a Arewa. Awon jininta ake buƙata a wannan ranar, ko da dare ne. Wanda ya haura shekara hamsin kuma ya fara wani sabon ciwon kai da bai saba ba, shi ma bincike ya kamace shi kafin komai.

Zancen tsiro da gashi gajere ne. Binciken da aka fi ambatawa an yi shi ne a Japan a 2016 a kan maza tara kacal, tausar minti huɗu kullum na mako 24. Silin gashin ya ɗan ƙara kauri, yawansa bai ƙaru ba. Sanƙo na gado ba ya jin tausa. Abin da ke hannun mata da gaske shi ne kitso: wanda aka ja har fatar goshi ta ɗaga yana kawo ciwon kai a ranar, kuma in aka daɗe ana yi yana cinye gashin gaba har ya ƙi dawowa. Sassauta hannun makitsiya ya fi kowace tausa amfani a nan. Kan da ke da makero ko ƙuraje ko rauni kuma ba a murza shi, don yatsu na yaɗa cutar zuwa wani wuri da wani yaro.

Jarirai su ne ya kamata a tsame daga wannan harka ɗungurungum. Ƙasusuwan kansu ba su gama haɗewa ba, maɗiga kan kai wajen wata goma sha takwas kafin ta rufe, kuma tana nan a layin tsakiyar kai, gaba kaɗan da wurin da taswirori ke cewa a danna. Shafa mai laushi ba ta da illa, danni kuwa babu dalilinsa. Maɗigar kanta tana ba da labari ga uwar da ta san karatunta. Idan ta kumbura ta yi tauri alhali yaro ba kuka yake ba, ga zazzaɓi, ana tsoron sanƙarau. Idan ta loɓa a yaron da ke gudawa ko amai, ruwan jikinsa ne ya ƙare, kuma shafa mata wani haɗi ko murza ta ba zai ɗago ta ba. A ci gaba da ba shi nono, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari yana kurɓa kaɗan-kaɗan, a kama hanyar asibiti mafi kusa.